Rakiya a Kan Ruwa

A gidanmu ba a zuwa wuri, wajen mutum ake zuwa. In Baba ya ɗauki makullin mota ranar Asabar, Mama ba ta tambayar ina za mu, sai dai ta ce, "Wajen wa?" Amsar ce za ta nuna tukunyar da za a ɗora da mayafin da za a yafa. Na ɗauka haka duniya take, har na shiga firamare a Greensboro da ke Amurka, a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin Baba yana karatun digiri na uku a kan ƙasar noma. A nan na gano akwai mutanen da ke shiga mota su yi tafiyar wuni guda don kawai su kalli dutse su dawo.

Makarantar tana da wata al'ada da nake tsoro fiye da allurar rigakafi. Ranar farko bayan dogon hutu, kowane ɗalibi zai miƙe ya faɗi inda ya je da abin da ya gani. Ni kuwa ko sunana aka kira a aji sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Shekarar farko na ce mun je wajen antina a McLeansville. Shekarar da ta biyo ma haka na ce, don ita ce gaskiya. Sai wata yarinya 'yar unguwar Sedgefield, mai gashi kamar gemun masara, ta ɗaga hannu ta sanar da aji cewa McLeansville ai nan ne babanta ke kai injin yankan ciyawa gyara. Ba da mugunta ta faɗa ba, ina jin a ganinta taimako take yi. Aka yi dariya. Malama ta ce ziyarar dangi abu ne mai kyau, da irin muryar da ake yaba wa yaron da ya shanye magani.

Tun daga ranar na ƙudura cewa hutu mai zuwa sai na ga wani abu. Ko mene ne, in dai ba falon mutane ba ne.

A wani gidan mai da ke High Point Road na samo takardar. Suna jere a bakin ƙofa, kyauta, kowace tana tallan wani wuri. Tawa ta wani ƙaramin tsibiri ce a bakin teku, wanda sai an shiga jirgin fito ake isa. Akwai hoton farar hasumiya mai fitila a kanta don jiragen ruwa, da wasu gajerun dawakai da aka ce ba su da mai su, da rairayi fari tas, da yara suna tsintar katantanwar teku. Ban iya buɗe baki na roƙa ba. Na cusa ta cikin littafin da Baba ke zuwa lab, ɗakin gwaje-gwajensu, da shi, na jira.

Da yamma ya fito da ita a kan tebur, yana shafa ta da tafin hannu.

"Tafiya mabuɗin ilimi," in ji shi. "Sufabaizan karatuna ma ya kwashi iyalinsa sun tafi, lab a rufe. Me zai hana?"

Mama tana yanka albasa, ba ta juyo ba. "Wa muka sani a can?"

"Ba kowa."

"To wa za mu gaisar?"

"Hajiya, hutu ne. Kallo ake zuwa."

"Kallon me?"

"Ruwa."

Mama ta dubi famfon kicin, ta dube shi. "Wato mutum ya kwashi iyalinsa ya kai su garin da ko faɗuwa ya yi ba mai cewa ya san ubansa."

Da a nan maganar ta mutu, ba don Anti ba, wato antin nan ta McLeansville. Ba jini ya haɗa mu ba. 'Yar Kafanchan ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ita ta fara nuna wa Mama inda ake samun naman akuya a garin, shi ke nan ta zama 'yar'uwa. Ba wanda ya fito daga Arewa ya shigo jihar da Anti ba ta san cocinsa ko masallacinsa ba. Mama ta kira ta don ta ba ta labarin abin dariya, Anti ta ce a ba ta zuwa Lahadi. Ranar Lahadi da yamma ta bugo: ƙanin mijin wata 'yar cocinsu, mutumin Jos, kuku ne a wani gidan cin abinci a tsibirin. Ya daɗe a can, shi kaɗai.

"Shi kaɗai?" in ji Mama. "Allah sarki." Daga yadda ta faɗa na san za mu je.

Baba ya kira shi a tsaye, yana ɗan rusunawa, igiyar waya ta nannaɗe masa hannu. Sun tambayi gida, sun tambayi aiki, sun tambayi gajiya, sun sake tambayar gida. Kafin a ajiye waya mutumin ya zama Kawu.

Shirin da aka yi ba na bakin teku ba ne. An sayi garin shinkafa, an buɗe kukar da Mama ke ɓoyo tun zuwan wata baƙuwa daga Zariya, an fito da daddawa daga cikin kwalba uku da aka saka cikin juna don kada warinta ya kai maƙwabta. Mama ta yi miya da naman akuya tukunya guda, ta daskarar da ita a firiza, ta ɗaure murfin da tsohon ɗankwali. Ni an saya mini rigar iyo, Mama ta ƙara mata doguwar riga da wando don ta zama ta mutunci. Bayan mota ya cika, sai aka ɗora mini tukunyar a cinya.

Mun tashi bayan asuba. Da farko tukunyar sanyi take kamar dutse, har cinyoyina suka mutu. Da rana ta ɗaga ta fara zufa. Kafin mu isa inda titi ya ƙare, miyar ta narke, kowace kwana sai in ji ta tana juyi a ciki.

Jirgin fiton ya fi yadda na zata girma. Motoci ke shiga cikinsa layi-layi, kuma ba a biyan komai, abin da Baba ya tambaya har ma'aikacin ya gaji da amsawa. Da aka tashi kowa ya fito daga motarsa, masu kyamara, masu jefa wa fararen tsuntsaye burodi. Na kai hannu ga ƙofa.

"Zauna," in ji Mama. "Ruwa ba shi da abin kamawa. Kuma wa zai riƙe miyar?"

Motarmu ta samu wuri tsakanin bangon jirgi da wata farar bas. Don haka abin da na gani a ƙetarawata ta farko a kan ruwa shi ne gefen bas, da wani ƙuda da ya shigo tun daga gidan mai yana ta neman hanyar fita. Baba ya je ya leƙo ya dawo mana da rahoto.

"Ruwa ne," ya ce. "Da yawa."

A tsibirin titi ɗaya ne, dogo, tsakanin tudun rairayi hagu da dama. Ana jin teku a bayan tudun, yana numfashi kamar babban mutum mai barci, amma ba a ganinsa. Can gaba muka tarar da motoci a gefen hanya, mutane sun jingina da shinge. Dawakan ne. Baba ya ɗaga ƙafa daga totur.

"Mutum na jiranmu," in ji Mama.

Na ga bayan doki ɗaya, ja, da wutsiya tana korar ƙuda. Shi ke nan.

Kawu yana tsaye a tsakiyar hanya da farar rigar kicin, gajere, kakkaura, hannayensa duk tabon mai. Tun kafin mota ta tsaya ya riƙe ƙofa yana tafiya da ita.

"Dakta, sannunku. Sannunku da hanya. Mama, sannu da gajiya."

"Ba a zama dakta ba tukuna, saura tesis," in ji Baba.

"Ai dakta ne, takarda ce kawai ba ta iso ba."

Ya leƙo baya ya gan ni da tukunya. "'Yata, ina wuni? Ya hanya?" Na amsa da Turanci, a hankali, ina kallon murfi. Ya dafa ƙirji. "Dakta, kun bari sun cinye mana ita."

Gidansa tirela ce, irin ɗan gidan nan da ake ja da mota, a bayan gidan cin abincin, tsakanin tankin gas da inda ake tara kwalaye. Baba ya ce za mu sauke kaya mu wuce otal mu dawo. Kawu ya tsaya cak.

"Otal? Ina raye?"

Ya bar mana ɗakinsa, ya koma kan doguwar kujera wadda ba ta kai tsawonsa ba, shi da ba dogo ba.

Mama ko hutawa ba ta yi ba ta ɗora ruwan tuwo. Da aka zuba, Baba ya yi bismilla, Kawu ya rufe ido ya yi tasa addu'ar, suka sa hannu a kwano ɗaya. Kawu ya kai lomar farko, ya daɗe bai haɗiye ba. Sai ya tashi ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba mu baya, ya ce yaji ne ya shigar masa ido. Ni na ga lokacin da Mama ke haɗa miyar. Ba ta sa yaji ba, saboda ni.

Washegari na saka rigar iyo a ƙarƙashin kayana, na zauna kusa da ƙofa inda za a gan ni. Haka na yi kowace safiya har muka bar tsibirin.

Abin da takardar gidan mai ba ta sani ba shi ne, baƙo ba ya fita ya bar mai gida a zaune. Aikin Kawu sai da rana yake farawa, saboda haka safiya ta hira ce. Shi da Baba suka bi Jos layi-layi, suka gano Baba ya taɓa kwana a unguwarsu a hanyar zuwa bautar ƙasa, suka gano mai shayi ɗaya suka sani, suka yi jimamin rasuwarsa ba tare da wani ya tabbatar ya rasu ba. In Kawu ya tafi aiki, da sai a ce hanya ta buɗe. Amma Mama ta riga ta ga kicin ɗinsa.

"Mutumin da ke ciyar da gari guda," ta ce, tana ɗaga wata tukunya da yatsa biyu, "dubi inda yake ci."

Ta wanke labule, ta kankare murhu, ta jera cokula, ta dafa abin da zai ci in ya tashi da abin da zai ci bayan mun tafi. Baba kuwa, wanda rabonsa da barcin rana tun zuwanmu ƙasar, ya miƙe ƙarƙashin fanka da jarida a fuska. A cikinmu shi kaɗai ya yi hutun da Turawa ke nufi, kuma bai san ya yi ba.

Da la'asar, in aiki ya lafa, Kawu yakan kawo abokan aikinsa su gaida danginsa da suka zo daga gida. Akwai wata tsohuwar Baturiya mai kai abinci tebur, muryarta kamar an ja buhu a siminti, wadda ta ci tuwo da cokali ta ce ya yi kama da wani abu da kakarta ke yi. Akwai masu wankin kwanuka 'yan Meziko da suka gane kan tuwon tun lomar farko. Kowa ya shigo sai a ce in gaishe shi. Na gaida mutane a tsibirin nan fiye da yadda na gaisar a Sallar da ta wuce.

Baba dai ya yi ƙoƙari sau ɗaya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ga yadda nake ninke takardar ina warwarewa har hasumiyar ta tsage a tsakiya.

"Ɗan'uwa, yarinyar nan tana so ta ga hasumiyarku."

"Hasumiya? Don wannan? Zo, 'yata."

Kawu ya kai ni banɗaki, ya kifa bokiti, ya ce in hau. Ta 'yar tagar sama, bayan tankin gas, bayan kan itatuwa, ga wani farin abu kamar murfin kwalba.

"Kin gani? Waɗancan sai sun nemi wajen fakin, sun taka a rana, sauro ya cije su, kuma ba a ma bari a hau. Ke ga ki a inuwa."

"Teku fa?" in ji Baba.

"Teku yana nan, Dakta, ba inda za shi. Gobe."

Lokacin salla Kawu yakan kawar da tebur da kansa ya shimfiɗa tawul mai tsabta. Ranar farko Baba ya tambaye shi gabas, ya nuna bangon da firji yake. "Ku bi ƙarar ruwan nan, ku ɗan karkata hagu." Haka muka yi ta fuskantar teku safe da yamma, da firji a tsakaninmu.

Katantanwa kam na samu. Filin ajiye motocin gidan abincin da farfasassun ɓawon kawa, wata irin katantanwar teku, aka shimfiɗe shi maimakon tsakuwa. Ina zama a kan matakalar tirela in zaɓi waɗanda taya ba ta gama niƙewa ba, in goge su da gefen riga. Daga nan nake jin hirar ciki. A nan na ji Mama ta tambaye shi yadda wurin yake in baƙi sun watse.

Ya ce in sanyi ya shigo, kantuna sukan rufe ɗaya bayan ɗaya, a buga katako a tagogi. Gidan abincin ma yakan rufe, sai ya koma yi wa gidajen haya fenti, gida bayan gida, ba kowa a ciki sai hotunan iyalan da bai sani ba. Iska takan kwaso rairayi ta rufe titi, in ta yi tsanani jirgi ba ya tashi, burodi ya ƙare a kanti, kowa ya ci abin da ke gidansa. Ya ce akwai wata mage da ke zuwa bayan kicin, da Hausa yake yi mata magana don kada harshensa ya yi tsatsa.

"Tana ji?" in ji Baba.

"Ta fi 'yarka."

Suka yi dariya. Mama ba ta yi ba, ta tashi ta ƙara masa nama.

Kyamarar da muka zo da ita fim ɗaya ne a cikinta. Kawu ya ce mahaifiyarsa tana ta damuwa wai ba shi da kowa, in ta ga hoto hankalinta zai kwanta. Aka yi wanka, aka sa manyan kaya, aka jera a jikin tirela ta gefen da fenti bai ɓare ba. Kawu da Baba. Kawu da Mama da ni. Kawu da Baba suna musafaha suna kallon kyamara. Kawu sanye da hular Baba. Da na ce a rage hoto ɗaya saboda teku, Baba ya duba ya ce ya ƙare, kuma ai hoto na mutane ne.

An yi alkawarin safiyar tafiya ta bakin teku ce. Na tashi na sa rigata. Sai ga Kawu da kwali a kai: kifi, jatan lande, ƙaguwa masu motsi. Tsaraba. Ba zai yiwu mu koma Greensboro hannu rabbana ba, ga Anti, ga matar liman, ga maƙwabtanmu 'yan Nijar da suka riƙe mana makulli. Mama ta ce ɗanyen kifi ba zai kai ba a wannan zafi, sai an soya. Aka ɗora mai. Na zauna a matakala ina jin ƙarar suya ta rufe ƙarar teku. Da aka gama rana ta take, Baba yana duban agogo.

Tukunyar miya an bar wa Kawu. A madadinta aka ɗora mini kular kifi.

Ya ce zai taka mana. Ya biyo mu da tsohuwar motarsa har bakin jirgi, tsawon titin nan mai tudu, ya ajiye ta a gefe. Aka fito aka yi sallama. A gaida Anti. A gaida mutanen coci. Allah ya bar zumunci. Aka fara ɗaga wa motoci hannu su shiga, sai Kawu ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da ni.

"Bari in ɗan ƙara taka muku."

A gida rakiya tana da inda take ƙarewa. Akwai kwanar layi, akwai gindin bishiya, akwai inda baƙo zai ce, "Haba, ka koma haka nan," mai gida ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara taku kaɗan, sannan ya juya. Baba ya faɗi nasa daidai lokacin da ya kamata.

"Ɗan'uwa, ka koma haka nan."

Muna tsakiyar ruwa.

Da muka sauka a ɗaya gefen aka sake sallama daga farko. Kawu ya juya zai bi jirgin da ke komawa, shi kaɗai, a ƙafa, cikin motocin masu hutu da kekuna ɗaure a bayansu. Baba ya bi shi da kallo, ya dubi Mama.

"Mutum ya ƙetare ruwa saboda mu, mu kuma mu ba shi baya a bakin titi?"

"Ba tarbiyya," in ji Mama.

"Mu ɗan taka masa."

Aka kulle mota da kifin a ciki. Muka shiga jirgi a ƙafa.

Ban san lokacin da na isa bakin ƙarfen ba. Ba tukunya, ba kula, kuma Mama ta samu benci a tsakiyar jirgi ta riƙe shi da hannu biyu ta rufe ido, ba ta da sauran hannun riƙe ni. Ruwan kusa da jirgi kore ne, can gaba shuɗi, a wani wuri kuma fari inda rairayi ya taso har tsuntsaye na tsaye a kai kamar masu jiran mota. Ta wata kafa tsakanin ƙasa da ƙasa na hango teku na gaske, yana ta tasowa yana faɗuwa, ba shi da ɗaya gefen. Iska ta cika mini riga, leɓena ya yi gishiri. Wani mutum ya nuna da yatsa, sai ga baƙaƙen bayan dolfin, dabbobin ruwan nan masu kama da manyan kifi, suna fitowa suna nutsewa a gefenmu, a jere, ba sa sauri. Na juya in kira Baba. Shi da Kawu sun ba ruwa baya, suna gardama a kan ko mai shayin nan Bafulatani ne.

A bakin tsibirin aka yi sallama. Da aka buɗe hanyar shiga jirgin komawa, Kawu ya ɗaga ƙafa. Mama, wadda fuskarta ta canza launi, ta sa hannu ta tare shi.

"Kawu, ka tsaya nan. Na rantse in ka sake shiga jirgin nan a cikinsa za mu yi Sallah."

"Mama, kaɗan kawai."

"Ba kaɗan a ruwa. Lokacin aikinka ma ya yi."

Ya tsaya. Na koma bakin ƙarfe, amma a bayan jirgi wannan karon. Yana tsaye kusa da motarsa, hannu a sama. Har farar rigarsa ta zama kamar ɗigon alli bai sauke hannun ba. An ce an sake ganin dolfin ta gaba. Ban je ba.

Ranar farko a makaranta na zo da shirina. Zan ce tsibiri, in ce jirgi, in ce dolfin, in zauna. Na miƙe na faɗi sunan tsibirin. 'Yar Sedgefield ta yi tsalle a kujera, ta ce ai su duk shekara can suke zuwa, suna kama gida mai bene. Malama ta ji daɗi, ta ce to sai mu haɗa labari.

"Kin ga hasumiya?"

Na ce na ga samanta.

"Dawakai fa?"

Na ce na ga bayan ɗaya.

"Kin yi iyo?"

Na girgiza kai. Rigar tana gida a ninke, ko ruwa bai taɓa ta ba. Na ji dariyar nan ta fara taruwa a bayan aji, dolfin kuma suka gudu daga kaina gaba ɗaya.

"To me kuka yi?" in ji Malama, a hankali.

Na dubi takalmana. "Mun je wajen kawuna."

Na jira injin yankan ciyawa.

"A can yake zaune?" in ji 'yar Sedgefield. "Ba wanda ke zaune a can. Haya ake kamawa."

Na ce a can yake, shi ke dafa abinci a gidan nan mai hoton ƙaguwa a allo. Ta buɗe baki. A nan suke cin abinci duk ranar ƙarshe, ta ce, kuma ba a taɓa bari ta leƙa kicin ba. Wani yaro ya tambaya ko har lokacin sanyi yana can. Na ce har lokacin sanyi. Malama ta ce ita ma ta sha zuwa amma ba ta taɓa sanin yadda wurin yake ba in kowa ya tafi.

Sai na faɗa musu. Katako a tagogi, rairayi a kan titi, ranar da jirgi ba ya tashi, burodin da ke ƙarewa, gidajen da ake yi wa fenti ba kowa a ciki. 'Yar Sedgefield ta tambaya ko shi ya yi wa nasu, mai ruwan ɗorawa. Na ce wataƙila. Na faɗi magen ma, amma ban ce da wane harshe yake mata magana ba. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a aji ba, kuma duk abin da na faɗa daga kan matakalar tirela na ji shi, ina tsintar ɓawon kawa a wajen fakin.

Da na dawo gida Mama tana zuba hotunan a ambulan za a aika wa Kawu. Na ba ta labari, rabi da Hausa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi abin da ya dame ta.

"Ita yarinyar, duk shekara suke zuwa?"

"Duk shekara."

"Kuma ba su san kowa ba?"

"Ba kowa."

Ta lashi bakin ambulan ta manne, ta danna da babban yatsa.

"Allah sarki," ta ce. "Ki ce wa uwarta in za su koma ta yi mini magana. Sai in ba su saƙon kuka su kai masa, su ma su samu wajen zuwa."